Ranar da Inna Lale Ta Ba Baƙuwa Jan Ruwa

Sunanta na gaskiya ya ɓace tun tana amarya, har ita kanta in an kira shi a asibiti sai ta waiga ta ga ko da wata ake. Inna Lale kowa ke ce mata, domin ba ka isa ka gifta ta ƙofar gidanta ba ta jefo maka "lale, lale" ba, ko da kuwa ba alheri ne ya kawo ka ba. An taɓa turo mai yanke wuta gidan. Kafin ya jingina tsaninsa ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa mai sanyi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa da ba ta taɓa gani ba. Ya yanke wutar dai, aikinsa ke nan, amma yana kan tsani yana ba ta haƙuri kamar zai fashe da kuka.

Gado ta yi. Mahaifinta direban babbar mota ne, gidansu kuma yana jikin tasha, saboda haka duk matafiyin da mota ta lalace masa a zaurensu yake yada zango. Mahaifiyarta mace ce da ko ranar da ba a ɗora tukunya ba sai ta goge kofin baƙi da toka har ya riƙa ɗaukar ido. Abu guda ta dasa wa 'yarta a ka, cewa duk halin da gida ke ciki, kada baƙo ya gan shi. Lale ta tashi da wannan, ta yi aure da shi, ta kuma mayar da shi sana'a. Hayar kayan taro take bayarwa. Ɗakin da ke kusa da zaure cike yake da kujerun roba an ɗora su kan juna har suna taɓa rufi, ga faranti da tambulan a kwali, ga manyan tukwane da kuloli, ga cokula an ɗaure su dami-dami da tsumman atamfa. Ba a taron farin ciki ko na baƙin ciki a garin ba da kayanta ba, kuma duk inda kayan suka je ƙafarta na biye, wai ta ga yadda aka jera su.

Mijinta, Mai Agogo, a rumfar ƙofar gida yake gyaran agogo da rediyo. Mutum ne da zai yini bai ce uffan ba, amma in ya saki magana ɗaya sai ta bi ka har gida tana yi maka ƙaiƙayi. Shi yake cewa ba neman aure ya kai shi gidan su Lale ba, hanya ya tsaya tambaya aka ce sai ya sha ruwa, ga shi har yau ba a sallame shi ba.

To, ruwan nan nata da ake ta yabo, ba haka yake fitowa daga famfo ba. Bututun da ke kawo wa garin ruwa daga madatsa ya tsufa tukuf, ya kuma bi ta cikin wani kwazazzabo a bayan kasuwa, inda tun da daɗewa aka mayar da shi juji. Tsatsa ta ci bututun ya huhhuje. In aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi ƙazantar wurin, in aka maido sai ya amayo ta a gidajen mutane. Ruwan kan zo jawur, da wani ɗan ƙarni, da baƙaƙen abubuwa suna yawo a ciki. Lale kuwa ta yi rantsuwa wannan ba zai shiga tambulan ɗinta ba. Tun da sassafe take tara shi a duro, ta jefa masa alif ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa, sannan ta juye a randar da ke gindin bishiyar lemo. In ta ɗebo maka, garau, sai ka rantse daga cikin dutse ya ɓuɓɓugo.

Amma wa ke da itace da lokacin wannan wahala kullum? Maƙwabciyarta ta bayan gida, Maman 'Yan Biyu, ɗaki ɗaya take haya, mijin yana can yana aikin gini a wani gari, ita ce wanki ita ce girki ita ce reno. Tagwayen nan wannan ya warke wannan ya kwanta, ciwon ciki ya hana su yin ƙiba. Lale takan aika mata da jarka, takan aika wa wasu ma, sai dai randa ɗaya ba ta shayar da gari. Ranar da ta ga Maman 'Yan Biyu ta dawo daga asibiti da ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, duk sun yi laushi, abin ya tsaya mata a rai. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗaura mayafi, ta nufi wajen aminiyarta Mai Niƙa.

Mai Niƙa doguwa ce mai murya kamar injinta, shekara da shekaru tana magana a cikin ƙara har ta manta yadda ake yin ta a hankali. Su biyun suka tara matan gari, aka laƙaba musu Matan Famfo. Lale ta mayar da kowane taro wurin wa'azin ruwa. Ana cikin raba faranti za ka ji ta tana tambayar uwar amarya ko ta leƙa bayan kasuwa kwanan nan. Suka sa aka daina zuba shara a kwazazzabon, suka kwashe ta da baro iya ƙarfinsu, suka dasa ciyawa da 'yan itatuwa a gefensa don kada ƙasa ta ci gaba da zaizayewa. Babban mahaucin garin ya yi taurin kai, ya ce tun kakansa nan ake zubar da ruwan wankin nama. Lale ba ta yi masa gardama ba. Da bikin ɗansa ya matso ya aiko neman kujeru, ta tarbi ɗan aiken da fara'a, ta ba shi ruwa, ta ce ya gaya wa maigidansa kujerun nata sun ce ba za su je ba. Kafin sati ya zagayo mahauci ya haƙa rami a wani wurin.

Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne bututun kansa. Don haka suka yi shatar mota suka tafi ofishin ruwa a babban gari. Aka karɓe su da mutunci, aka saurare su, aka ce za a turo wanda zai duba.

Jin za a yi baƙo, gari ya ɗauki harama. Dattawa ba su ma tsaya shawarar masauki ba, kowa ya san ɗakin Inna Lale ne. Aka share hanya tun daga tasha. Aka shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa. Wani ya ce ai abin kunya ne mutum ya zo daga nesa ya ga wancan wuri na bayan kasuwa haka, sai aka kwaso yashi aka rufe inda bututun ke tsiyaya, aka baje shi sumul. Famfon tsakiyar gari kuwa tun da asuba aka buɗe shi yana zuba, har jan ya ragu ya koma ɗan fatsi-fatsi.

Baƙon ya zo, wani dattijo mai tabarau da farar riga ƙal. Ya sha ruwan Lale ya lumshe ido, ya nemi ƙari. Ya zaga gari ya ga ko'ina tsaf. Da zai tafi ya miƙo kwalba ya ce a cika masa da ruwan famfo za a auna a ofis. Lale ta karɓa ta shiga cikin gida, ta tara a famfo, ta ɗaga kwalbar a rana. Wannan abin za ta sa wa mutum a jaka, kusa da farar rigarsa? Ta ce bari dai ta ɗan tace, don baƙaƙen nan kawai. Da ta tace ta ga jan na nan, ta ce ɗan alif kaɗan ba zai ɓata komai ba. Da ta ga baƙo na jira, alif kuma bai gama aiki ba, sai ta tuttular da kwalbar ta cika ta daga randa, ta goge ta da gefen mayafi ta kai masa da hannu biyu. Wallahi ko a ranta ba ta ji ta yi wani laifi ba, ita dai ta fita kunyar baƙo.

Amsa ta dawo cewa ruwan garin yana cikin mafi kyau a yankin, ana ma yaba musu da tsafta. Matan Famfo suka yi tsalle suka dire. Suka koma ofis, aka sake turo wani bayan damina, aka sake share hanya, aka sake zuba yashi, aka sake cika kwalba. Amsa ta sake dawowa iri ɗaya. A cikin masu zagin mutanen ofis da rashin imani babu wadda ta kai Lale ɗaga murya. Har cewa take, mutum ya sha ruwanka ya ci abincinka, sannan ya je ya ce lafiyarka ƙalau.

Ana nan sai labari ya zo cewa ofis ya samu sababbin bututu, amma ba za su ishi kowane gari ba. Za a turo injiniya ta zaga, inda ta ga abin ya fi muni nan za a yi aiki a ranin nan, sauran kuma sai wani jiƙon, wanda ba wanda ya san ranarsa. Lale ta ce to wannan karon za a ga tarba. Ta sayo sabon ƙyallen tata, ta fito da tambulan ɗin gilashi masu zanen fure da ba ta ba kowa haya, ta zauna a bakin zaure tana goge su.

Mai Agogo na rumfarsa, ɗan madubin aikinsa maƙale a ido, ya sunkuya kan wani agogon hannu. Bai ɗago ba ya ce, "Lale, in tambaye ki mana. Baƙin nan da suka zo, wanne ne a cikinsu ya taɓa ganin ruwan garin nan?"

Ta ce wace irin tambaya ce wannan, ba a gabansa suka sha ba, har da neman ƙari?

"Ruwanki suka sha," in ji shi. "Ni dai in mutum ya kawo mini agogo ya ce ya lalace, amma ya tsaya a ƙofa ya saita shi daidai kafin ya miƙo, ce masa zan yi ya tafi, agogonsa lafiya lau."

Ya ci gaba da aikinsa kamar bai ce komai ba. Ran Lale ya ɓaci. Ta kwashi tambulan ɗinta ta shige ciki, abincin rana ma dire masa ta yi ba ko sannu. Da la'asar ta tafi wajen Mai Niƙa don ta samu mai taya ta faɗa, ta kwashe maganar Malam Mai Agogo ta gaya mata, har da yadda ta yi da kwalaben, tana jiran a ce ai ta kyauta. Mai Niƙa ta yi tsai da kwano a hannu. Sai ta kashe inji, abin da ba ta yi ko don mai unguwa, ta zauna a kan buhu ta kama dariya har hawaye na wanke garin da ke fuskarta. Da ta samu numfashi ta ce kada Lale ta ji komai, ita da kanta ta yi sawu-sawu tana ɗaukar yashin da aka rufe bututun da shi, har bayanta ya riƙe. Lale ta so ta ci gaba da fushi, abin ya ƙi. Suka haɗu suka yi ta dariya, masu jiran niƙa na kallonsu. Amma a hanyar gida dariyar ta koma ciki, domin ta tuna damina biyu ke nan tagwayen bayan gidanta na shan abin da suke sha saboda kunyarta.

Matan Famfo suka yanke shawara: wannan karon ba shara, ba farar ƙasa, ba yashi, kuma abin da famfo ya bayar shi za a kai wa baƙuwa. Dattawa suka ce ba da su ba, wannan ai tona wa gari asiri ne, me za a je a faɗa a kansu? Lale ce ta tashi ta ba su amsa. Ta ce a je a ce su ƙazamai ne, ta yarda, in dai za a dawo da bututu. Ta yi maganar da ƙarfin hali har aka tafa mata.

Amma tun daga ranar ta fara neman rangwame. Ta ce wa Mai Niƙa ko a ɗan tace sau ɗaya, saboda baƙaƙen nan kawai. Mai Niƙa ta ce ta san inda "baƙaƙen nan kawai" ke ƙarewa. Ranar zuwan baƙuwa tun da safe Mai Niƙa ta iso gidan, ta tattara ƙyallen tata da ƙullin alif ta ƙulle a haɓar zaninta, ta sa Mai Agogo ya kinkimi randa ya kai rumfarsa ya ajiye ƙarƙashin teburi, ya zauna ya tare ta da ƙafafu. Lale ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ga ganyen lemo a tsakar gida ta rarumi tsintsiya, Mai Niƙa ta riƙe. Da ƙyar Mai Agogo ya raba su, ya ce a bar ta ta share gidanta, ai da ruwa ake rigima ba da tsintsiya ba.

Rana ta take sosai injiniyar ta iso. Da ma a ce wata mai girman kai aka turo, da abin ya zo wa Lale da sauƙi. Sai ga yarinya sa'ar 'yarta ta fari, da malafa da dogon takalmin roba, fuskarta sharkaf da gumi, leɓɓanta sun bushe don tun safe take zagayen garuruwa. Tana shiga ɗaki ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida dattawan da suka zo tarbarta duk da ƙorafinsu, ta juyo ta ce, "Mama, mun same ku lafiya?" Zuciyar Lale ta narke. Yarinya mai tarbiyya haka, ga ƙishirwa a idonta, ita za a yi wa wannan wulaƙanci?

Ta fita tsakar gida. Mai Niƙa na tsaye a kanta, Lale ta buɗe famfo. Ranar kuwa kamar famfon ya san abin da ake ciki, ya yi tari ya tofo ruwa jawur, ya fi na kullum kauri. Ta cika tambulan mai zanen fure, ta ɗora a kan tire. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaukar abu mai nauyin tiren nan ba. Haka ta shiga da shi ɗaki. Ta durƙusa ta ajiye a gaban baƙuwar, ta buɗe baki za ta ce lale, kalmar ta ƙi fitowa. Ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

Dattawa kowa ya sami abin kallo a rufi. Injiniya ta dubi tambulan, baƙaƙen abubuwa na juyi a cikinsa suna sauka ƙasa a hankali. Ta dubi tsohuwar da ke durƙushe a gabanta. Abin da Matan Famfo ba su lissafa da shi ba shi ne, ita ma baƙuwar uwa ce ta rene ta, kuma an koya mata ba a mayar wa babba da abin da ya miƙo. Ta ɗauka iyakar abin da gidan ke da shi ke nan. Ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta kai tambulan baki.

Lale ta yi wani kukan kura da ba wanda ya san tana da ƙarfinsa, ta cafke wuyan hannun yarinyar. Ruwa ya watse a kan wandon injiniya da tabarma da ƙafar wani dattijo.

"Ajiye, 'yar nan! Kashe kanki za ki yi a ɗakina?"

Injiniya ta zaro ido. "Mama, ai ke kika ba ni."

"Na ba ki ki gani ne, ba ki sha ba. Ke wace irin yarinya ce, duk abin da aka miƙo miki sai ki kai baki?"

Mai Niƙa ce ta fara fashewa daga bakin ƙofa, sai dattawa, sai injiniyar kanta, har da wanda aka jiƙa wa ƙafa. Lale na dariya hawaye na zuba, ta rasa na kunya ne ko na daɗi. Da ɗaki ya lafa ta ɗaga tambulan ɗin da sauran jan ruwan a gindinsa, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ke na hana ki. Amma 'ya'yanmu shi suke sha kullum, kuma ba mai riƙe musu hannu."

Ba wanda ya sake dariya. Injiniya ta karɓi tambulan ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaya yadda aka yi ruwan da ake kai musu ofis yake fita tas. Kafin Lale ta yi wani motsi Mai Niƙa ta kwance haɓar zani ta zube ƙyalle da alif a tsakar ɗaki, ta ba da labari tiryan-tiryan da muryar nan tata da ake ji har kasuwa, ba ta rage ko yashin da ta ɗauka ba. Injiniya ta riƙe baki. Ta ce dattijon nan mai tabarau har yau yana faɗa a ofis cewa in ya ajiye aiki garin nan zai dawo da zama, saboda daɗin ruwansu.

Daga nan ta sa takalminta ta ce a kai ta ko'ina. Da hannunta ta cika kwalabenta, a famfon tsakiyar gari, a makaranta, a gidan Maman 'Yan Biyu. Ta sauka cikin kwazazzabon ta tsuguna a gaban bututun, ta ga inda yake tsiyaya, ta ga itatuwan da mata suka dasa ta tambayi wa ya yi wannan aiki. Duk inda ta sa ƙafa Lale na biye da ita da kofi, domin tuni ta ƙwato randarta daga ƙarƙashin teburin Malam, kuma sai da ta ga yarinyar ta sha ta ƙoshi hankalinta ya kwanta. Da za ta shiga mota injiniyar ta ce ba za ta yi alkawari ba, akwai garuruwa da yawa, amma abin da idonta ya gani shi za ta faɗa. Lale ta ce iyakar abin da suke nema ke nan, ta kuma cusa mata lemo a jaka.

Jira ya yi tsawo har wasu dattawa suka fara cewa ga shi nan, an zubar da mutunci a banza. Lale ta rame. Ko ƙarar babbar mota ta ji sai ta leƙo zaure. Rannan da hantsi tana cikin lissafa wa wani kujeru, sai ga motoci sun shigo gari a jere, bututu baƙaƙe sababbi fil an ɗaure su a baya. Ta bar mutumin da kujerunsa ta bi motocin da gudu-gudu sauri-sauri, mayafi na jan ƙasa, tana yi wa direbobi lale tun ba su tsaya ba. Mazan gari suka fito da diga da shebur suka taya haƙa, aka kauce wa kwazazzabon gaba ɗaya aka bi ta bayan makaranta. Mahaucin nan ma ya zo ya yi haƙa, yana gaya wa kowa dama shi tun farko ya goyi bayan matan.

Ranar da aka saki ruwa gari duka ya taru a famfon tsakiya. Famfo ya yi tari, ya tofo ja. Ya koma fatsi-fatsi. Can sai ga shi fari tas yana sheƙi a rana. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka shiga ƙarƙashinsa da kayansu, Mai Niƙa ta rungumi Lale ta ɗaga ta sama kamar buhun gari. Mai Agogo ya tara hannu ya kurɓa, ya ce ba laifi, amma bai kai na gidansu ba. Ranar Lale ta yafe masa duk abin da ya taɓa faɗa.

Washegari da yamma tana dawowa daga karɓo faranti, ta biyo ta lungun bayan gidanta, sai ta ji an kira ta. Maman 'Yan Biyu ce tsaye a bakin ƙofa, ta sa mayafinta mai kyau, tana murza hannu kamar mai jin nauyi.

"Inna, don Allah shigo ki sha ruwa."

Lale ta ce ai ba ta jin ƙishirwa, gida ma ga shi nan. Sai ta ga fuskar yarinyar, ta ajiye kwalin faranti ta shiga. An shimfiɗa tabarma, an goge wani kofin silba har yana ƙyalli. Ta zauna, aka durƙusa aka miƙo mata da hannu biyu. Tana kai kofin baki wani abu ya faɗo mata a rai: shekarun nan duka, ita da ke shiga kowane gida a garin, ba ta tuna ranar da wani ya ce ta zauna ta sha ruwa ba. Ta ɗauka don kullum a tsaye take ne, cikin sauri. Ta faɗi haka da wasa.

Maman 'Yan Biyu ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. "Inna, kullum muna so. To da wane ruwan za mu ba ki?"

Lale ta dubi kofin da ke hannunta. Ashe kunyar da ta ɗauka ranar baƙuwa, ta yini ɗaya, ita maƙwabtanta ke ɗauke da ita a kanta tun tuni, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta shanye ruwan tas, ta miƙa kofin ta ce a ƙaro.

Tana fitowa ta tarar matar tela na jiranta a ƙofar gaba da nata kofin, bayanta kuma tsohuwar da ke sayar da itace tana ɗaga mata hannu. Lungun nan gajere ne, amma sai da rana ta faɗi kafin ta kai ƙarshensa. Ta iso gida tana tafiya a hankali, ciki ya yi tam, ta manta kwalin faranti a wani gida da ba ta ma tuna wanne ba. Mai Agogo na rufe rumfa ya tambaye ta ina ta shiga haka.

Ta zauna a kan bencinsa tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "Baƙunci na je, Malam."